Farin Tabon da Na Gani Sau Uku

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don tsoron cin amanar matattu. Ni ke wankan gawar mata a ƙauyenmu, kusa da Ɗanbatta, kuma ƙa'idar aikin ita ce duk abin da ka gani a jikin mamaci ba ka faɗa. Don haka ba zan ambaci kowa ba.

Sau biyu ina wanka zane ya zame, na hango farin tabo mai kauri a fatar gaban mamaciya. Na mace ta biyun har ya zama gyambo. Na kau da kai, na yi istigfari.

Bayan al'ada ta ɗauke mini, ƙaiƙayi ya kama ni a wurin. Matan gidanmu suka ce sanyi ne. Na sha jiƙo, na zauna a ruwan bagaruwa har aka gama cirar gyaɗa, bai daina ba. Ran nan na kulle ɗaki na ɗauki madubi. Tabon nan ne.

Washegari na sa Malam, maigidana, ya kai ni asibiti, daga can aka tura mu Kano. Likita mace ta duba da gilashi mai ƙara girma, ta yi mini allurar kashe zafi, ta yanki fata kamar ƙwayar dawa don gwaji. Da sakamako ya fito ta ce:

"Inna, ba cutar kansa ba ce, amma in an bar shi yana iya zama. Wa ya ce ki zo da wuri haka?"

Na sunkuyar da kai. Na tambaye ta sunan abin da Hausa, ta ce na Turanci kawai ta sani, ta rubuta mini a kati. An cire tabon, ina komawa dubiya, lafiyata ƙalau.

Yanzu duk wadda ta kawo mini kukan sanyin da ya ƙi jin magani, asibiti nake tura ta. Sai su yi dariya, wai na cika fargaba. Na tabbata da zan faɗi yadda na ga gyambon nan da sun tafi, amma a ƙauyenmu nan da nan za a gane gawar wa nake nufi.

Shi ya sa nake roƙo. Wanda ya san sunan wannan tabo da Hausa, ya sanar da ni. Malamai kuma su faɗa mini iyakar abin da ya halatta mai wanka ta faɗa don ceton masu rai.