Haɓon da Na Haɗiye

Duk lokacin da na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba damina nake fara tunawa ba, haɓo nake tunawa. A ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo, idan yaro ya yi haɓo sai a watsa wa katanga ruwa a ce ya shaƙa, sannan a ɗaga masa kai sama. Ban ce kowane gida haka ake yi ba, amma a namu haka na gani.

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ma ɗumi yake yi. Babana ya tafi kasuwar Maigatari, mahaifiyata tana rijiya, daga ni sai kakata. Ina cikin wasa jini ya ɓalle mini ta hanci. Ta jiƙa katanga na shaƙa, ta kwantar da ni rigingine a cinyarta.

"Maigida, ɗan wannan jinin kake wa kuka?" in ji ta. "To wa zai nome mini gero?"

Jim kaɗan ya daina fitowa, ta yi hamdala. Ba ta san ta maƙogwaro yake bi ba, ni kuwa ina ta haɗiya. Da cikina ya cika sai na kelaya mata amai a zani, baƙi ƙirin, da gudaji.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Daga baya na ji cewa ɗanta na fari aman jini ya yi, bai tashi ba. Ta goya ni, ni da na wuce goyo, ta fita ko takalmi babu tana ƙwala wa mutane kira. Wani maƙwabcinmu Bafulatani ya ɗaura shanu a amalanke. Hanya duk rairayi, shanun kamar ba sa motsi, ita kuma tana ta shafa mini ruwa a ka.

"Maigida, kada ka yi mini haka. Ni zan riga ka. Ka ji? Ni."

A ƙaramin asibiti ma'aikacin ya zaunar da ni, ya sunkuyar da kaina, ya matse hancina. Ya ce ba daga ciki ba ne, jinin hanci na haɗiye. Kaka ta zauna a ƙasa daɓas.

Yanzu na yi karatu, ko da yake ba na likita ba. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, haɓo zubar jini ne daga ƙananan jijiyoyin cikin hanci, zafi da bushewa na iya fasa su. A asibiti kuwa duk jinin da ya bar hanyarsa zubar jini ake ce masa, kuma wanda ya ƙi tsayawa ba a jira da shi.

Bana 'yata ta yi haɓo. Mahaifiyata ta kai hannu za ta ɗaga mata kai, na riƙe hannun, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ta dube ni.

"To, yi naka," ta ce.

Na matse hancin yarinyar. Mahaifiyata kuma tana tsaye a kanmu tana addu'a, har jinin ya tsaya.