Namadi Mai Tsaga Kara, Manomin Shinkafa na Fakku

An haifi Namadi a Fakku, ƙasar Kebbe, a shekara ta 1243 bayan Hijira. Mahaifinsa Malam Sambo manomin fadama ne, mahaifiyarsa kuwa Tambaya.

Karatu da Aure

Ya sauke Alƙur'ani a Sanyinna a 1259, ya koma gona. A 1266 ya auri Bara'atu, 'yar dukawan Tambuwal masu rina fata da jan ruwan karan dafi.

Aikinsa

A zamanin, al'adar Fakku ita ce a ware zangarniya mafi girma a yi iri da ita. Sau uku ambaliya tana kwantar da shinkafar gari, har a 1271 yunwa ta ci ɗansa na fari. Abin ya yi masa ciwo matuƙa, ya ƙudura sai ya san dalili.

Ya riƙa yanko kara yana tsomawa a jan ruwan rinin matarsa, sannan ya tsaga shi da aska. Sai ya ga jan ya hau ta wasu siraran jijiyoyi, waɗanda ke farawa 'yan kaɗan a tsiro, su yawaita gaɓa bayan gaɓa. Ya lura mai babbar zangarniya sau da yawa jijiyoyinta ba su kai na wata ƙarama da aka raina ba. Daga nan ya koma zaɓen iri ta kara, yana ɗaukar mai yawan jijiya don ta fi jure wa ruwa.

Mutane suka yi ta yi masa ba'a. Surukinsa ya taɓa tambayarsa, "Namadi, mi kaka biɗa cikin kara?"

Ya ce, "Baba, hanyar ruwa nika biɗa."

Shekara goma sha tara yana wannan zaɓe, rumbunsa bai taɓa cika kamar na maƙwabta ba, bai kuma fasa ba.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar Talata cikin Rajab 1290, bayan zazzaɓin kwana shida, ana tsakiyar ambaliyar da ta shafe fadama duka. Da yake ruwa ya rufe hanyar maƙabarta, a kwalekwale aka kai shi tudu. Masu tuƙi suka ratsa ta gonarsa, ita kaɗai ce shinkafarta ke tsaye bisa ruwa. Allah ya jiƙansa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Na'iya, Atu, Ɗangiwa da Rabi'atu. Su suka yanke gonar, suka sami dami sittin, ba su ci ko ɗaya ba sai da kowane gida a Fakku ya karɓi iri.