Gawon Kawu da Farantan Sola

A ƙauyenmu da ke bayan Roni, duk abin da kake ganin darajarsa inuwa kake nema masa. Baƙo ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Randar ruwa tana inuwa, babur yana inuwa, ko akuya ka ɗaure a rana sai tsofaffi sun tambaye ka laifin da ta yi maka. Da wannan tarbiyya muka karɓi rijiyar burtsatse mai aiki da sola.

Da damina ma'aikatan suka zo daga Kano. Ni lokacin ina koyarwa a Kazaure, nakan zo gida ƙarshen mako a kan babur. A Kazaure na saba ganin sola a rufin shaguna, masu cajin waya da masu ƙanƙara sun gaji da jiran wutar gwamnati sun koma sayen tasu. Amma ganin abu daga nesa daban, sanin halinsa daban. Ranar da aka zaɓi wurin ba na nan, kuma da ina nan ɗin ma ba na jin zan ce komai.

An haƙa rijiyar a gefen gonar kawuna, yayan mahaifiyata, mutum mai 'yan shanu da noman gero. Da aka zo maganar inda za a kafa farantan, mai gari da dattawa suka nuna gindin gawon Kawu. Dalilinsu a fili yake: gilashi ne, an ce yana da tsada, kuma sun san ranar bazarar garinmu ba ta da mutunci. Gawo kuwa da rani yake cika da ganye. Kawu ma daɗi ya ji.

"Ku sa a nan," in ji shi. "In zafi ya zo zai rufe muku su ruf."

Ban san ko ma'aikatan sun ji shi ba. Su dai sun ɗaga kai sun ga itace tsirara, ba ganye ko ɗaya, domin gawo da damina yake zubar da nasa, lokacin da kowane itace ke kore. Suka ɗauka matacce ne. Suka zuba kankare, suka kafa ƙarafa, suka ɗaure farantan, ruwa ya hau tanki, mata suka yi guɗa, motarsu ta tashi. Kowane ɓangare ya tafi yana ganin ya yi dabara.

Ruwan sama na ɗaukewa gawo ya fara tofo. Kafin a gama sussukar gero, gawon ya cika da ganye, inuwarsa ta kwanta a kan farantan yadda dattawa suka so. Famfo ya fara tsiyaya kamar hancin mai mura, daga baya sai da hantsi kawai yake ɗan kawowa. Mata suka koma tsohuwar rijiya ta bayan dutse, wadda da rani sai an haɗa guga da igiya biyu. Har da matar Kawu, da ciwon gwiwarta.

Ni aka sa na kira ma'aikatan a waya. Wanda ya ɗauka ya saurare ni, ya yi dariya, dariyar da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ya ce aikinsu ya ƙare, ƙarafan ba sa ciruwa, kuma ko faranti ɗaya inuwa ta taɓa sauran ma rauni suke yi. "Malam, ku sare itacen kawai," in ji shi.

A bakinsa abin da sauƙi. Wannan gawon shi ke riƙe shanun Kawu da 'ya'yan da yake zubarwa idan ciyawa ta ƙare. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina a gonar tsayi. Kakanmu ya tarar da shi a tsaye. Na rasa yadda zan faɗa wa Kawu, sai da na je na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye.

"Ɗan nan, faɗi abin da ya kawo ka," in ji Kawu.

Na faɗa. Sai ya tambaye ni:

"Wato shi wannan abin rana yake ci?"

"Ita yake ci, Kawu."

"Ikon Allah. Mu muna gudunta, shi ita ce tuwonsa."

An fara da sassabe rassan, yadda makiyaya ke yi wa dabbobi. Ruwa ya ɗan ƙaru, amma manyan rassan suna nan, kuma gawo ba ya jin aski. Mai gari bai taɓa ce wa Kawu ya sare ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ba wanda ya ce masa komai. Mata dai suna wucewa ta gefen gonarsa da tuluna, suna gaishe shi da ladabi, yana amsawa. Ina jin gaisuwar nan ta fi masa zafi a kan a zage shi.

Shi da kansa ya je wajen malamin daji ya nemo izinin sare gawon. Ranar da masu gatari suka zo, ya kora shanunsa ya yi arewa, hanyar Gwiwa, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ya tarar tanki yana ambaliya. Bai kalli kututturen ba, ya wuce gida.

Daga baya wasu masu bincike sun zo suna tambayar yadda sola ta taimaki muhalli, tunda ba hayaƙin janareta. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Ruwan nan ya raya garin, kuma ina son sa. Sai dai ban ga inda za su rubuta gawo ba, ni kuma ban iya bayaninsa ba.

Shanu suna sha a kwamin da ke gefen tankin, suna kashi a wurin, ƙasar kullum a jiƙe. Ƙwayar gawo kuwa ta cikin dabba take bi ta tsiro. Wata Asabar na iske Kawu a tsugune kusa da ƙarafan, ɗan gawo ya fito bai kai tsawon yatsa ba. A garinmu manomi in ya ga irinsa kewaye shi yake yi da fartanya, ya kafa masa tsinke. Kawu ya sa yatsu biyu ya tumɓuke shi, ya riƙe a tafin hannu yana dubawa.

"Ka zo inda ba a son ka," ya ce masa.

Ya jefa a aljihun rigarsa, ya ci gaba da duba ƙasa ko akwai wani.