Bindigar Roba a Aljihun Babana

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Birnin Tsaba ba a wasa da kunyar ɗan fari. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwan alwala sai ya dubi bango ya ce, "Ku ce ma yaron can shi kawo buta," alhali daga ni sai kaji a tsakar gidan. Mahaifiyata ma haka take, har ta fi shi. Ƙannena mata biyu su ne na hawa cinya, su ake tsokana, su ake miƙa wa alewa hannu da hannu in an dawo kasuwar Zurmi. Ni kuwa tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, wadda ta haifi babana. A ɗakinta nake kwana, ita nake kira Inna.

Ba zan yi wa matattu ƙarya ba, ba a taɓa barina da tsumma ba. Kowace salla ina da riga da hula da takalmi, sai dai daga hannun tsohuwa suke fitowa. Ta kan jefo mini su ta ce, "Ungo, mijin banza, kullum ni ka tuhwatar da kai." Na yarda da ita kuwa ɗari bisa ɗari. Ban san babana ne ke kai mata kuɗin a ɓoye ta ba da sautu ba. Yaro ina ruwansa da wannan lissafi, shi dai wanda ya dube shi ya yi murmushi shi ne nasa. Haka na tashi da tabbacin cewa mutumin nan haƙuri kawai yake yi da ni. Tsohuwa ta rasu da damina ina aji uku a firamare, aka bar ni a ɗakinta ni kaɗai da tabarmarta.

Azumin da ya biyo baya ya faɗo cikin bazara, ana zafi kamar a mutu. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, soja ke mulki, 'yan fashi kuma sun matsa wa hanyar Kaura zuwa Shinkafi. 'Yan sanda suka tare a tashar motar Kaura Namoda, duk motar da za ta tashi sai an sauke mutane an lalube su. Ana cikin goman ƙarshe babana da yayansa, wanda muke kira Baffa, suka ɗora buhunan wake a mota suka tafi Kaura sayayyar salla.

Abin da ya faru can ban gani da idona ba. Tsintarsa na yi a hankali daga bakin Baffa da direban motar da wani mai shago, ɗan kudu Kirista da ya daɗe a Kaura har Hausa ta zauna masa a baki.

Bayan sun sayar da wake, babana ya sayi atamfar mahaifiyata da 'yan kunne da awarwaron ƙannena a gaban kowa. Sai ya ce wa Baffa zai zaga. Bai zaga ba, shagon ɗan kudun nan ya shiga, inda ake rataye kayan wasan yara. Ya zaɓi bindigar roba baƙa, irin mai ƙara in an ja kunamarta. Mai shagon ya ce masa, "Yaronka zai yi murna." Babana ya yi sauri ya ce, "A'a, ta ɗan maƙwabci ta." Bai ma tsaya an naɗe masa ita a takarda ba, ya ɗaga babbar rigarsa ya cusa ta a aljihun 'yar ciki ya fita yana waige-waige.

Bayan azahar suka zo tasha. Aka jera fasinjojin motar garinmu, Baffa na tsaye gefensa, ga dattawan garinmu biyu a bayansu. Wani ɗan sanda matashi, ɗan wata jiha mai nisa, wanda Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, ya ga tudu a ƙirjin babana. Ya ce, "Mene ne wannan?" Babana ya ce, "Ba komi." Ya sake tambaya da tsawa. Babana ya ja da baya, ya juya wa yayansa baya don ya nuna wa ɗan sandan shi kaɗai, ya sa hannu cikin riga ya zaro ta. Harbi ɗaya aka yi. Ya cika a nan ƙasan tasha da azumi a bakinsa, tun kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti.

Tun ba a binne shi ba magana ta rabu biyu. 'Yan sanda suka ce ya nuna wa ɗan'uwansu bakin bindiga, kuma ba yadda za a yi mutum ya tantance roba da ƙarfe a wannan ƙiftawar. Direba ya rantse ta baki ya riƙo ta, yana miƙa gindin. Daga baya 'yan sandan suka ƙara da cewa ai da irin wannan ɓarayi ke tsorata matafiya, kuma suka jero tambayoyinsu. In ta yaro ce, me ya sa ya ɓoye? Me ya sa ya ce ba komai? Wane maƙwabci ne? Aka zo aka duba. Maƙwabcinmu na dama tsoho ne da 'ya'yansa duk sun yi aure, na hagu kuwa 'ya'ya mata Allah ya ba shi.

Babban ɗan sandan Kaura ya tambayi Baffa ko mamacin yana da ɗa namiji. Baffa ya ce yana da shi, guda ɗaya. Mutumin ya ce to wataƙila shi ya saya wa. A nan Baffa ya miƙe, ransa a ɓace, kamar an zagi kabarin ubansu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙanena ɗan mutunci na. Ɗan hwari na hwa! Ba shi saya mai abu da hannunai, ba a haka gidanmu. Sai dai in sautu anka ba shi." Aka yi cigiyar mai sautu daga Birnin Tsaba har Zurmi, ba wanda ya fito. Wa zai fito ya ce bindigar tasa ce a irin wannan lokaci? Garin neman gira Baffa ya rasa ido. Ya tsare wa ƙanensa kunya, ya bar shi da sunan ɗan fashi, kuma har ya koma ga Allah bai yarda ya yi kuskure ba. Na daɗe ina jin haushinsa, yau ma in na tuna sai na ja tsaki.

Sallar nan ban je idi ba. Mata suna shigowa gaisuwa, su rungume ƙannena suna kuka, mahaifiyata na cikin ɗaki tana takaba. Ni ba mai rungumata, don mai wannan aikin tana kabari, ita kuwa wadda ta haife ni ba ta da ikon ko dubana a gaban surukai. Sai in koma ɗakin tsohuwa in zauna ina jin su ta bango. Ban yi kuka ba, har aka fara cewa yaron nan zuciyar dutse gare shi. Gaskiyar ita ce ban san me zan yi wa kukan ba. Mutumin da bai taɓa dubana ba ya mutu, wannan kaɗai na sani.

A makaranta yara suka sa mini suna ɗan ɗan fashi. In na doso sai su ɗaga hannuwa sama suna dariya, wai kada in harbe su. Wanda muke zama benci ɗaya uwarsa ta sa aka canja masa wuri. Na yi dambe har na gaji, daga baya na koma zuwa makaranta ta bayan gari, ta cikin gonaki. Abin da ya fi cina ba tsokanar ba ce. Tambayar da 'yan sanda suka yi ita ce nake yi wa kaina ina tafe: to wa ya saya wa? Ban taɓa kawo kaina cikin amsar ba, tunda Baffa da ya fi kowa saninsa ya ce ba ni ba ne. Har akwai ranar da na ce a raina wataƙila dai gaskiyar 'yan sandan ce.

Ana yankan gero mahaifiyata ta fita takaba. A daidai lokacin aka aiko cewa wani jami'i ya zo daga Sakkwato zai saurari maganar a Kaura. Baffa ya ce shi da dattawan nan biyu sun isa. Da safe yana fitowa ya tarar da ita a zaure ta yafa mayafi. Ya ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Kaura." Sannan ta dubi ƙyaure ta ce, "Yaron can shi sa takalmi." Matar da ban taɓa jin ta musa wa Baffa ko da wasa ba ce ta shige gabansa zuwa bakin hanya.

Ofishin ɗaki ne ƙarami mai fanka da ba ta juyawa. Jami'in Bahaushe ne mai furfura a gemu, ya gaji da maganar tun kafin a fara. A kan teburinsa na fara ganin bindigar, an ɗaura mata 'yar takarda da zare. Ta fi yadda nake zato ƙanƙanta. Direba ya faɗi nasa, mai shago ya faɗi nasa, Baffa ya maimaita maganarsa ta sautu kalma ba ta canja ba. Jami'in ya fara tattara takardu, sai mahaifiyata ta yi gyaran murya daga inda take durƙushe.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, yaron ga yas saya ma."

Baffa ya ce, "Ke!"

Jami'in ya ɗaga masa hannu. Ya dube ta ya ce, "Wane ne yaron nan a wurinki?"

Ta ce, "Na gidanmu na."

Ya ce, "Malama, gida ba ya haihuwa. Na san abin da ke hana ki, ni ma ɗan fari ne. Amma ba zan rubuta yaron gida ba. Ɗan wa ne, kuma mene ne sunansa?"

Ga yayan mijinta, ga dattawan garinmu, ga baƙin maza cike da ɗaki. Na ga yatsunta suna murza bakin mayafi. Sai ta ɗago kai ta ce, "Ɗana na. Ɗanmu na hwari, ni da shi." Ta faɗi sunana na yanka, ta haɗa da na babana, wanda shi ma ba ta taɓa furtawa ba tun da aka kawo ta gidansa. Ban san haka sunana yake a bakinta ba. Sai da na waiga in ga ko da wani take.

Ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ran da za shi tahi yac ce min, tun da tsohuwa tar rasu yaron can ba shi da mai saya mai abin salla. Yac ce ya gane shi bayan rumbu shina haɗa bindiga da karan dawa, in ta karye shi sake wata. Yac ce kar in hwaɗa ma kowa, za shi aje mai ita bakin ɗaki da asuba."

Gaskiya ne, ina yin bindigar kara a bayan rumbu, kuma na ɗauka duk duniya ba mai ganina.

Jami'in ya rubuta. Ya ce za a duba, za a aiko. Ba a aiko ba. An ce an mai da ɗan sandan wani gari, bindigar kuma aka ce shaida ce, ba a bayarwa. Har yau a Kaura in tsofaffi suka tuna maganar, wani ya ce ya nuna, wani ya ce miƙawa ya yi. A garinmu kuwa abin da aka fi tattaunawa a wannan makon shi ne matar da ta kira sunan ɗanta na fari a gaban surukinta.

Da za mu koma, Baffa ya shige gaba wurin direba. Mu muka hau baya cikin buhuna, tare da matan garinmu da wasu na ƙauyukan hanya. Mahaifiyata ta zauna can gefe, ni ina nan gefe. Mun wuce gonakin bakin Kaura kenan kukan da ban yi ba tun bazara ya zo mini gaba ɗaya. Ina kiran Baba da ƙarfi, ina shessheƙa, majina na zuba, duk motar aka zuba mini ido. So nake ta matso, ko da ƙafarta ce ta taɓa tawa. Na ga ta ɗan yunƙura, sai ta dubi matan garinmu, ta koma ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta ce wa matar da ke kusa da ni, "Don Allah, baiwar Allah, rarrasa min yaron ga."

Matar ta jawo ni ta kwantar da kaina a cinyarta tana bubbuga bayana. Ban san ta ba, kuma kafin mu kai Zurmi ta sauka.