Ranar da Na Raba wa Yara Gonaki a Lyon

Shekaru sun ja, amma ranar da na raba wa yara gonaki a tsakar wata lekol, wato makaranta, ta birnin Lyon tana nan daram a raina, kuma ban ga abin da zai goge ta ba.

Lokacin ina shekarar gwaji ta koyarwa, a wata firamare kusa da unguwar Guillotière. Darasin da ya gagare ni shi ne bambancin kewayen fili da girman cikinsa. Na zana a allo, na maimaita har muryata ta dushe, yara dai sai su cakuɗa su. Mai duba aikin malamai ta zo ta ga haka. Da aka tashi ta gaya mini ƙiri-ƙiri, in ta dawo ba abin da ya sake, ba za a tabbatar da ni a aikin ba.

Ƙarshen mako na tafi Paris wajen kawuna, mai kantin atamfa a unguwar Goutte d'Or. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗiyata, ki bar wahalar nan. Ga kanti, ga ɗaki, zo ki riƙe mini."

Na ce, "Kawu, na gode. Amma in zan bar koyarwa, ba da kora zan bar ta ba."

A jirgin komowa ina shirya darasin tarihi, na kai kan labarin manoman da suka nausa yammacin Amurka a kekunan shanu, aka yankar musu fili su kafa gida su killace. Sai ya tuna mini kakana, wanda ya sari daji a ƙasar Maraɗi ya kewaye gonarsa da ƙaya. Nan dabara ta faɗo mini.

Ranar da mai duba aikin ta dawo, na ba yara labarin manoman nan da na kakana, sannan na fitar da su tsakar lekol, duk da sanyin da ake yi. Na kasa su rukuni-rukuni, kowanne da igiya, tsawonsu ɗaya. Na ce, "Yau ku ne sababbin zuwa. Igiyar nan shingenku ce, abin da kuka kewaye kuwa gonarku."

Daɓen wurin ƴan murabba'ai ne, don haka suka durƙusa ƙirga na cikin gonakinsu. Wani rukuni ya yi tasa doguwa siririya, na kusa da su suka yi tasu mai gefuna daidai. Can wata yarinya daga masu siririyar ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. "Madam, an cuce mu! Tasu ta fi tamu!"

Na ce, "Igiyarku ce ta gaza? Ku gwada mana."

Suka jera igiyoyin biyu, ba wadda ta fi wata. Na bar su su gano da kansu. Sai yarinyar ta daka tsalle ta ce, "Shingen ɗaya ne, cikin ne ba ɗaya ba!"

Nan take kowa ya koma jan igiyarsa yana neman gona mafi girma. Da na waiga, mai duba aikin ta ajiye jakarta a ƙasa tana riƙe wa yara kusurwa guda. Ƙarshen shekara aka tabbatar da ni.

Abin da na koya shi ne, in yaro bai gane ba, kada malami ya yi saurin yanke ƙauna, ko a kan yaron ko a kan kansa. Ya nemi wata hanyar, ya ci gaba da nema har a dace.