Mu Biyu Ke da Tutar Makaranta

Ranar ɗaya ga Oktoba, 1987, kwana takwas da ba mu jihar Katsina, igiyar tuta ta sarƙe a tsakiyar sanda a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Ruma. Ina aji huɗu, ni ke jan igiyar. Mun yi layi, ana rera taken ƙasa, tuta ta ƙi sama ta ƙi ƙasa, zufa ta wanke ni. Sai Buba, ɗan ajinmu daga rugar Fulani ta ƙetaren rafi, ya tuɓe takalmin robarsa ya haye sandar ya warware igiyar. Hedimasta Malam Sule ya fara zuba masa bulala biyu don ya bar layi ba izini, sannan ya ce, "Daga yau ku biyu ke da tuta. Ranar da ta taɓa ƙasa, ku biyu za ku kwanta."

Aikin yana da tsari, kuma ban taɓa saɓa shi ba. Da farko in ɗebo wa gida ruwa, in zuba wa awaki harawa. Na biyu in tsaya bakin rafi har Buba ya gama tatsa ya ƙetaro da 'yar gorar nono. Na uku mu share gindin sanda, in ja igiya shi yana tallafe da gefen tuta. In an tashi mu sauke ta, kowa ya kama kusurwa biyu, mu naɗe, mu kai ofis, sannan a shiga langa. Shi "Kaɗo" yake ce mini, ni kuwa "Ɗan Fillo". Bayan girbi shanunsu ke kwana a gonarmu su bar mana taki, babana ya kai wa babansa damin gero.

Malam Sule ne ya ba mu tarihinta. Ya ce wani ɗalibi ne ya zana ta a gasa, da jar rana a tsakiya, alƙalai suka cire ranar, aka fara ɗaga ta a Ikko ranar samun 'yancin kai. Kore noma ne, fari zaman lafiya. Buba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina shanu?" Malam ya ce, "Kai ja'iri, shanun naku me suke ci in ba kore ba?" A hanyar gida Buba ya ce ai ya gane, farin nan nono ne, an dai ɓoye wa Kaɗo.

Abin da ya biyo baya ma, bayan mun girma mun yi iyali, a jere ya zo. 'Yan bindiga suka fara kore shanun su Buba. Shekara ta zagayo suka harbe ƙanena Lawal a gona. Washegari samarin ƙauyenmu suka ƙone rugar, alhali kowa ya san ba mutanenta ne suka kashe shi ba. Aka rufe makaranta, muka kwashe zuwa Batsari.

Bara, ranar kasuwa, na ga Buba wajen 'yan awaki, ya rame, gemu ya yi fari. A yanzu duk wanda aka ga yana doguwar gaisuwa da Bafulatani sai a ce yana kai wa mutanen daji rahoto, ga kuma makwabtana biyu a bayana. Ya matso, ya ce a hankali, "Kaɗo, ina gajiya? Ya haƙurin Lawal?" Na kawar da kai, na kama taya akuyar da ba ni da niyyar saya. Ya ɗan tsaya, sannan ya wuce.

Da can yara biyu ne da gorar nono ɗaya, ba mai tambayar na wane ne. Yau jikokina suna rera kore da fari a makarantar gari, ba su taɓa taka gonarmu ba, ba su san ɗan Fulani ko ɗaya da suna ba. Na sake komawa kasuwar sau da dama ban gan shi ba. Amsar gaisuwarsa tana nan a bakina har yau.