Baba Kyari da Fangalin da Aka Hana Ruwa

Ranar da aka turo ni koyarwa wata makarantar elementare a Gwale, farkon shekarar 1956, mutumin da na fara gani shi ne wani tsoho tsugune a gindin katanga yana yi wa dashen albasa magana, kamar mai lallashin jika. Na wuce shi ko sallama ban yi ba. Sunana Lawal, a lokacin shekarata ashirin da biyu, ga sabuwar takardar malanta a aljihu, ga riga ta sha guga, ina jin duk cikin ganuwar Kano babu wanda ya kai ni sani. Abin da ya shiga tsakanina da tsohon nan har yau yana ci mini rai.

Kyari ne sunansa, yara da malamai duk Baba Kyari suke ce masa. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna a Soron Ɗinki. Danginsa wasu 'yan kasuwa, wasu malaman allo, shi kuwa ƙasa ce ta ja shi. Tun yana saurayi yake aikin lambu a bakin rafin Jakara, yana ja wa mutane jigon ban ruwa, shekara talatin da ɗoriya, bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na gonar ba. Gidan gado aka yi ta rabawa har rabonsa ya koma ɗaki guda, shi ma wata damina ta kwantar da shi. 'Ya'ya biyar suka haifa da matarsa Ya Kaka, babu wanda ya kai yaye. Da ƙarfinsa ya fara ja baya ne makarantar ta ɗauke shi mai kula da lambu, aka ba shi wani ɗan ɗaki a bayan ajujuwa. Nan suke zaune su biyu, ita idanunta sun yi yana, sai dai ta lallaɓa bango ta fito shan iska.

Wata biyu da zuwana hedimasta, Malam Nata'ala, ya tara mu ya karanta wata takarda da ta zo daga ofis. Za a rage leburori. Mai duba makarantu zai zo nan da sati bakwai. In ya ga lambun yana da amfani ga karatun yara a bar mai lambu, in ba haka ba maigadi kaɗai ya isa.

Baba Kyari yana tsugune a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ɗakin fa?"

Hedimasta ya kau da kai ya ce, "Ɗaki na mai aiki ne, Baba."

Ni kuwa murna ce ta kama ni, don na samu inda zan nuna kaina. Na ce a bar mini lambun, ni da 'yan aji huɗu za mu yi abin da baƙon bai taɓa gani ba.

Ga shirin nawa. Aka ja fangali uku, yara suka shuka wake da hannunsu. Na ɗaya a ba shi taki da ruwa, na biyu ruwa kawai, na uku kuma da zarar ya tsiro a yanke masa ruwa ƙaf. Kowace Litinin yara za su auna tsawon shukar da zare su rubuta a littafi, har su gani da idonsu cewa shuka ba ta rayuwa sai da ruwa. Na kafa ɗan allo a kan kowane fangali da rubutun boko. Yaran sun so abin ba kaɗan ba. Waɗanda sai an bi su gida da bulala suka koma zuwa da sassafe don su leƙa wakensu, kowa ya san nasa ramin.

Ranar da waken ya yi ganye huɗu na kira tsohon na ce, "Baba, na ukun nan daga yau ko ɗigo kada ka zuba masa."

Ya dube ni, ya dubi waken, ya ce, "Laifin me ya yi, Malam?"

Na ce, "Haka aikin yake."

Ya ce, "A bazarar nan? Kwana biyar ba zai yi ba. Baƙo ya zo ya tarar da busasshen wake a lambuna, ai ya gama da ni. Don girman Allah, Malam, ka taimake ni."

Na ce, "Ka yi abin da aka ce maka kawai."

Magana uku ta isa in fahimtar da shi cewa mutuwar wannan fangali ita ce za ta cece shi, ita baƙon zai gani ya yaba. Ban yi ba. A ganina malami mai takarda ba ya tsayawa yi wa lebura bayani. Shi kuma abin da ya sani shekara talatin shi ne, mai lambu da shukarsa ake auna shi: in ta yi kore ya ci abinci, in ta bushe a kore shi.

Sai bazarar ta zo da zafin da ban taɓa ganin irinsa ba. Rijiyar makaranta ta ƙafe, guga sai laka yake fitowa da ita. Kududdufin bayanmu ya koma wani baƙin ruwa mai kanwa da sabulu, wanda in ka zuba wa ganye kafin azahar ya ƙone. Famfon unguwa kuwa layi ne tun asuba, kuma babu wanda zai tsaya yana kallo a ɗebi ruwan sha a kai wa wake. Duk da haka kullum na zo da safe sai in tarar da fangali na ɗaya da na biyu a jiƙe sharkaf. Ko sau ɗaya ban tambayi daga ina ruwan yake fitowa ba.

Na uku ne ya ɗaure mini kai. Ƙasarsa a bushe ƙamas, amma waken ya yi kore shar, sai tsawo yake. Sati biyu, sati uku, ko alamar yaushi babu. Na ce wa yara wake yana da taurin rai, su jira su gani. Ran nan dai na tare tsohon na ce, "Baba, ka faɗa mini gaskiya, kana zuba wa wannan ruwa?"

Bai iya ƙarya ba, sai ya ce, "Malam, taɓa ƙasar ka ji."

Na taɓa, na ji ta da zafi kamar toka, na kaɗe hannuna na tafi.

A cikin makonnin nan mutumin ya zube. Wuyansa ya yi tsawo, tafiya sai yana dafa katanga, kafaɗar rigarsa kullum da tabon jini. In ya gan ni sai ya taso da sauri ya ce, "Malam, ya ka ga lambun? Zai yi wa baƙon kuwa?" A rana sai ya tambaya sau uku, har abin ya fara ba ni haushi. Ana jibi baƙon zai zo na bi ta bayan ajujuwa, Ya Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinsu ta ji takuna. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne malamin lambun? In baƙon ya zo ka faɗi alheri a kan tsohon nan. Wallahi ba mu da inda za mu." Na ce in Allah ya yarda, na wuce, kafin in kai aji na manta.

Mai duba makarantu ya iso da hantsi a kan keke, dattijo ne mai natsuwa, da laima a hannu. Baba Kyari ya share lambun tas, ya sa babbar rigarsa guda ɗaya, ya tsaya daga gefe. Baƙon na shiga ya ja ya tsaya ya ce, "Masha Allah! A wannan bazarar? Wa ke da wannan hannu?" Aka nuna masa tsohon. Na ga fuskar Baba Kyari ta saki, har hawaye ya taru masa, yana ta cewa, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe." A ransa an gama, ɗaki ya tsira.

Baƙon ya bi allunan yana karantawa. Da ya zo na uku ya ɗan daɗe, sannan ya juya wajen yara ya ce, "To, me kuka koya a lambun nan?"

Gambo, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajin, ya miƙe ya ƙame ya ce, "Mun koyi cewa wake ba ya bukatar ruwa. Sati biyar ba a ba wannan ko ɗigo ba, kuma shi ya fi sauran tsawo. Mun auna da zare."

Sauran suka amsa, "Haka ne!" Aka miƙo littattafai, talatin da biyu, duk abin da aka rubuta ke nan, da sa hannuna a ƙasan awon kowane mako.

Baƙon ya matsa kusa da fangalin. Ya sa tsinin laimarsa yana caccakar ƙasar, sai muka ji ƙwas. Ya tone da ƙafa, ga katanga ta fasasshen tulu an rufe bakin wata tukunya da ita. Tukwane huɗu tsohon ya binne a tsakanin waken, kowace da 'yar tsaga a gindi. Kullum sai ya cika su da asuba ya rufe, ya barbaɗa busasshiyar ƙasa a kai, ruwan ya yi ta tsatsafa wa saiwa a hankali har yamma. Dabarar masu lambu ce, kuma babu ita a littafin da na karanta.

Baƙon ya dube ni ya ce, "Malam Lawal, da saninka aka yi wannan?"

Ina iya cewa laifina ne, ban yi masa bayani ba. Ina iya ɗaga tukunyar in nuna wa yara in ce ga amsar, ruwan yana ƙasa, darasin ma ya fi nawa. Tsoro ne ya rufe ni, kaina kawai na tuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, na hana shi da bakina. Ba ya jin magana, jahilci ne ke damunsa."

Baba Kyari ya matso ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi. Kwana huɗu na bi maganar Malam. Rana ta biyar na zo na tarar duk ya sunkuyar da kai, ni kuma ga ruwa a kafaɗata. Ban iya wuce mai ƙishi da ruwa a hannu ba. Kuma na zaci kore kuke son gani. In bushewa ake so, a ba ni kwana biyar ya bushe. Matata ba ta gani, ranka ya daɗe. Ka dubi Allah."

Baƙon ya ce, "Tashi, Baba, tashi." Ya fitar da littafinsa ya yi rubutu. Ban ga laifinsa ba. An aiko shi ya ga ko lambun ya koyar da yara, ya tarar ya koya musu akasin gaskiya, kuma malamin ajin ya nuna masa mai laifi. Bayan kwana goma takardar sallamar tsohon ta zo.

Jaki ɗaya ya kwashe kayansu. Wani ɗan ɗan'uwansa a wajen Ƙofar Nassarawa ya yarda ya karɓe su, Ya Kaka a cikin gida wurin mata, shi kuma a zaure. Shekara arba'in suna ɗaki ɗaya, yanzu sai an yi masa iso zai gaishe ta. Da zai fita ya tsaya a gabana, na zaci zai faɗa mini baƙar magana, da ma ya yi. Sai ya ce, "Malam, na ukun ya fara fure. Da sassafe ake ba shi, kafin rana ta ɗaga."

Washegari na rasa inda zan samo ruwa, na tambayi maigadi. Shi ya gaya mini. Tsohon ya bi masallatai uku ya roƙi limamai, ya binne garwa a ƙarshen makwararar da ruwan alwala ke bi. Bayan sallar asuba sai ya bi ya kwashe abin da ya taru, garwa biyu a sanda, sawu shida kafin a buga ƙararrawa. Na ɗauki sandarsa na gwada. Sawu ɗaya na yi, rabin ruwan ya zube a hanya, kafaɗata ta saɓule. Ban koma ba.

Kwana takwas duk fangalin uku suka bushe ƙurmus. Na sa yara suka soke abin da suka rubuta, suka sa cewa shuka ba ta rayuwa sai da ruwa. Gambo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to na ɗaya da na biyu me ya kashe su, ai su ba a hana su ruwa ba?" Na daka masa tsawa na ce ya zauna. Ɗakin tsohon kuwa karyayyun bencina aka zuba a ciki.

Sai da damina ta yi nisa na iya zuwa gaishe shi. Na same shi kwance a kan tabarma a zauren, tari ya kama shi, bai ga wata bazarar ba. Na shirya maganar neman gafara tun daga Gwale, amma kafin in buɗe baki ya yunƙura ya zauna don ya girmama ni, ya ce, "Malam ne da kansa? Ya yara? Waken ya yi 'ya'ya kuwa?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Ya ce, "Har na ukun?"

Na ce, "Shi ya fi."

Ya koma ya kwanta ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma na san zai yi, in dai ba a bar shi da ƙishi ba."